Ranar Kolumbus a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi kan Hutun da Ake Ja-in-ja a Kansa

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, gardama kan Ranar Kolumbus takan sake tashi a Amurka, kuma kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa daga ɗalibai, da baƙin da suka sauka a ƙasar suka tarar gidan waya a rufe alhali makarantar 'ya'yansu tana buɗe, da masu bin labaran duniya daga nesa. An tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan, an fara daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Mece ce Ranar Kolumbus, kuma yaushe ake yin ta?

Ranar Kolumbus ɗaya ce daga cikin ranakun hutu goma sha ɗaya na gwamnatin tarayyar Amurka, kuma tana faɗowa a Litinin ta biyu ta watan Oktoba. Ana yin ta ne don tunawa da ranar 12 ga Oktoba, 1492, lokacin da jiragen ruwan Kiristofa Kolumbus suka isa wani tsibiri a yankin da ake kira Bahamas a yau. A ranar ana rufe ofisoshin tarayya da gidajen waya da yawancin bankuna, amma kasuwar hannun jari ta New York tana ci, kuma mafi yawan kamfanoni masu zaman kansu ba sa ba ma'aikatansu hutu.

Wane ne Kolumbus ɗin?

Matuƙin jirgin ruwa ne haifaffen birnin Genoa na Italiya a shekarar 1451, wanda ya yi shekaru yana yawon neman sarkin da zai ɗauki nauyin tafiyarsa zuwa Asiya ta hanyar yamma. Sarkin Fotugal ya ƙi, sai Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifaniya suka amince a watan Afrilun 1492, suka kuma yi masa alkawarin sarautar duk ƙasar da ya samo tare da ushirin dukiyar da za a fitar daga cikinta. Ya tashi daga tashar Palos ranar 3 ga Agusta da jirage uku, Niña da Pinta da Santa María, da mutane kimanin casa'in.

Sau huɗu ya ƙetare Tekun Atalantika tsakanin 1492 da 1504, kuma ya riƙe gwamnan tsibirin Hispaniola, wanda a yau ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suka raba. Ya rasu a Valladolid a 1506 yana nan a kan iƙirarinsa cewa gefen Asiya ya isa. Wannan kuskure ne ya sa ya kira mutanen da ya tarar Indiyawa, sunan da ya bi su har yau.

Da gaske shi ne ya gano Amurka?

Nahiyar cike take da miliyoyin mutane masu garuruwa da gonaki da sarakuna tun dubban shekaru kafin zuwansa, kuma tsibirin da ya fara sauka ma yana da suna, Guanahani, kafin shi ya raɗa masa San Salvador. Ko a cikin Turawa an riga shi: mutanen arewacin Turai ƙarƙashin Leif Erikson sun isa Newfoundland wajen shekara ta 1000, kuma a shekarun 1960 an tono kufan mazauninsu a L'Anse aux Meadows da ke Kanada. Ƙafar Kolumbus ba ta taɓa taka babban yankin ƙasar Amurka ta yau ba, nahiyar kuma da sunan wani matuƙin aka kira ta, Amerigo Vespucci, a wata taswira ta 1507. Duk wanda aka koya wa a makaranta cewa Mungo Park ne ya gano Kogin Neja a 1796, alhali masunta da fatake sun daɗe suna rayuwa a kansa, ya san irin wannan gardama.

Abin da ba a musu a kansa shi ne tafiyarsa ce ta haɗa ɓangarorin duniya biyu haɗuwar da ba ta sake yankewa ba, abin da zuwan Leif Erikson bai yi ba. Labarin nan kuwa na cewa ya tabbatar wa duniya ƙasa a dunƙule take, tatsuniya ce da ta bazu a ƙarni na 19, musamman bayan tarihin rayuwarsa da Washington Irving ya wallafa a 1828. Masana zamaninsa sun san siffar ƙasa sarai, abin da suka ja da shi a kai shi ne nisan tafiyar, kuma su ne masu gaskiya. Kolumbus ya ɗauki lissafin malamin taurari na zamanin Abbasiyawa, Al-Farghani, amma ya auna shi da mil na Rumawa wanda ya fi na Larabawa gajarta, sai duniyar ta ƙanƙance masa a takarda. Ba don ya ci karo da nahiyar da bai san da ita ba, da guzurinsa ya ƙare a tsakiyar teku.

To me ya sa Amurka ta ware rana ga mutumin da bai taka ƙasarta ba?

A nan ne tushen rigimar yake, domin ranar ta fi dangantaka da tarihin Amurka na ƙarni na 19 fiye da abin da ya faru a 1492. Bayan Amurkawa sun rabu da Ingila sun nemi gwarzon da ba Baturen Ingila ba, suka ɗauki Kolumbus, suka sa sunansa ga gundumar babban birninsu da garuruwa da dama, kuma a 1792 an yi bikin cikar tafiyarsa shekara 300 a New York. Daga baya, tsakanin 1880 da 1924, Italiyawa sama da miliyan huɗu suka yi ƙaura zuwa Amurka, akasarinsu talakawa daga kudancin Italiya, mabiya ɗariƙar Katolika, a ƙasar da ke musu kallon raini da zargi.

Ranar 14 ga Maris, 1891, dubban mutane suka fasa gidan yarin New Orleans suka kashe Italiyawa goma sha ɗaya da ake zargi da kisan shugaban 'yan sandan birnin, David Hennessy, duk da cewa kwana ɗaya kafin nan kotu ta wanke wasu daga cikinsu, kuma babu ko ɗaya da aka samu da laifi. Italiya ta janye jakadanta, har aka fara raɗe-raɗin yaƙi, daga ƙarshe gwamnatin Amurka ta biya diyyar dala 25,000. A shekara mai biye, Shugaba Benjamin Harrison ya shelanta bikin ƙasa na cikar tafiyar Kolumbus shekara 400, abin da masana tarihi da yawa ke kallo a matsayin lallashin Italiyawa. Sai a 2019 magajiyar garin New Orleans ta nemi gafara a hukumance kan wancan kisa.

Daga nan ƙungiyoyin Italiyawa da ƙungiyar Katolika ta Knights of Columbus, wadda aka kafa a 1882, suka dage sai an mayar da bikin na shekara-shekara. Jihar Colorado ce ta fara sa shi cikin doka a 1907. A 1934 Majalisar Dokoki ta buƙaci shugaban ƙasa ya riƙa shelanta ranar duk shekara, aka fara a zamanin Franklin Roosevelt, sannan wata doka ta 1968 da ta fara aiki a 1971 ta tsayar da ita a Litinin ta biyu ta Oktoba. Abin lura shi ne waɗanda suka fara yaƙar ranar a shekarun 1920 sun haɗa da ƙungiyar Ku Klux Klan ta masu fifita farar fata, kuma dalilinsu ƙin Katolika ne da baƙi, ba tausayin 'yan asalin ƙasa ba.

Mene ne takamaimai ake tuhumar Kolumbus da aikatawa?

Tuhuma ta farko daga alƙalaminsa ta fito. A littafin tafiyarsa, wanda ya iso mana ta hanyar kwafin da limamin Kirista Bartolomé de las Casas ya taƙaita, ya yaba wa mutanen Taíno, mazauna tsibiran da ya isa, da kirki da kyauta, sannan a ranar farko ya rubuta cewa za su yi kyau da bauta, bayan kwana biyu kuma ya ƙara da cewa da mutum hamsin za a iya murƙushe su duka. Ya kama wasu ya tafi da su Sifaniya. A tafiya ta biyu ya dawo da jirage goma sha bakwai da mutane sama da dubu, kuma a farkon 1495 aka tara 'yan Taíno kimanin 1,500, aka zaɓi sama da 500 aka loda su a jirage don sayarwa a Sifaniya, inda kusan 200 suka mutu kafin a isa.

Ya kuma ɗora haraji: duk wanda ya haura shekara goma sha huɗu a yankunan da ake zaton akwai zinariya sai ya kawo garinta cikin 'yar ƙararrawa irin wadda ake ɗaura wa shaho duk wata uku, waɗanda ke nesa kuma su kawo auduga. Zinariyar tsibirin ba ta kai yadda ya yi wa sarakunan Sifaniya alkawari ba, don haka mutane suka bar gonaki suna tone rafuka, wasu suka gudu duwatsu, yunwa ta biyo baya. A zamaninsa ne kuma aka fara raba 'yan ƙasa ga Sifaniyawa su yi musu aikin tilas, tsarin da ya ci gaba bayansa ya bazu a nahiyar.

Ba cututtuka ne suka kashe mafi yawan mutanen ba?

A faɗin nahiyar, haka ne: agana da ƙyanda da sauran cututtukan da jikin mutanen bai saba da su ba sun kashe fiye da yadda takobi ya kashe, kuma babu wanda ya san ƙwayoyin cuta a lokacin balle a ce da gangan Kolumbus ya kawo su. Masu kare shi suna da hujja a nan. Sai dai lissafin Hispaniola bai bi wannan tsari daidai ba, domin agana ba ta isa tsibirin ba sai a 1518, alhali ƙidayar da Sifaniyawa suka yi a 1514 ta samu 'yan ƙasa kusan 26,000 kacal. Masana sun saɓa ƙwarai kan yawansu a 1492, wasu na cewa dubu ɗari da 'yan kai, wasu na kai shi miliyan ko fiye, amma ko an ɗauki ƙarami daga cikin ƙiyasin nan biyu, mafi yawan jama'ar sun ƙare kafin agana ta zo. Aikin tilas da yaƙi da yunwa, tare da wasu cututtukan da suka samu jikin da ya riga ya galabaita, su suka yi wannan ɓarna, kamar yadda amsar da ta gabata ta nuna.

Adalci ne a auna mutumin ƙarni na 15 da ma'aunin yau?

Wannan ita ce hujjar da masu kare ranar suka fi dogara da ita, kuma a ganinmu ita ce mafi rauni, domin mutanen zamaninsa ne suka fara hukunta shi. A 1500 sarakunan Sifaniya suka aika Francisco de Bobadilla ya binciki ƙorafe-ƙorafen da ke zuwa daga Hispaniola, da ya isa ya tarar da gawarwakin Sifaniyawa a rataye, ya saurari shaidu, ya ɗaure Kolumbus da 'yan'uwansa biyu da mari ya mayar da su Sifaniya. Rahotonsa, wanda aka gano a ma'ajiyar takardu ta Simancas aka wallafa a 2006, ya ƙunshi shaidar yanke kunne da hanci kan satar hatsi. A wannan shekara ta 1500 Sarauniya Isabella ta ba da umarnin a 'yanta 'yan Taíno da aka kawo Sifaniya a mayar da su gida. A 1511 wani limami, Antonio de Montesinos, ya tsaya a coci a Santo Domingo ya tuhumi masu mulkin tsibirin ido da ido kan zaluntar 'yan ƙasa.

Dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Bobadilla shi ne ya gaji kujerar Kolumbus, saboda haka ba a rasa son zuciya a bincikensa ba, kuma sarakunan sun saki Kolumbus cikin 'yan makonni har suka ɗauki nauyin tafiyarsa ta huɗu, ko da yake ba su sake mayar masa da mulki ba. Las Casas kansa, wanda ya fi kowa tona asirin ta'asar, yana girmama Kolumbus a matsayin matuƙi, kuma mafi munin abubuwan da ya ba da labari sun faru ne a hannun gwamnonin da suka biyo baya. Duk da haka, ranar hutu karramawa ce da masu rai suke yi a yau, don haka babu makawa sai ma'aunin yau ya shigo cikin zaɓen wanda za a karrama.

Daga ina Ranar 'Yan Asalin Ƙasa ta samo asali?

An fara gabatar da shawarar mayar da ranar ta karrama 'yan asalin nahiyar ne a 1977 a wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva kan wariyar da ake nuna wa 'yan asalin nahiyar Amurka. Jihar Dakota ta Kudu ta sauya ranar a 1990, birnin Berkeley na California ya bi a 1992, daidai lokacin da ake shirin bikin cikar tafiyar shekara 500. Abin ya lafa na wani lokaci, sai ya sake ƙarfi a 2014 da biranen Seattle da Minneapolis, daga baya Los Angeles, sannan jihohin Maine da Vermont da New Mexico a 2019. Hatta birnin Columbus na jihar Ohio, mai ɗauke da sunan mutumin, ya daina ba da hutun a 2018.

Masu wannan kira suna cewa al'ummominsu, waɗanda gwamnatin tarayya ta amince da sama da 570 daga cikinsu, suna nan da ransu, kuma ba daidai ba ne 'ya'yansu su tashi suna rera waƙar yabon mutumin da zuwansa ya buɗe ƙofar ƙwace ƙasarsu. Suna kuma nuni da wani abu na shari'a: takardun da Fafaroma ya bayar a ƙarni na 15 suna halatta wa sarakunan Kirista mallakar ƙasashen da suka tarar, Kotun Ƙolin Amurka ta gina hukunci a kan wannan fahimta a 1823, kuma sai a watan Maris na 2023 fadar Vatican ta fito ta barranta da ita.

Me Amurkawa 'yan asalin Italiya ke cewa?

Manyan ƙungiyoyinsu suna cewa ranar tasu ce, an same ta ne bayan jini da wulaƙanci, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi New Orleans, kuma ƙwace ta don a ba wasu gyaran zalunci ne da wani zaluncin. Faretin da suke yi a titin Fifth Avenue na New York har yanzu yana tara dubban mutane. Kokensu na gaskiya ne, kuma masu sukar ranar da yawa ba su san da shi ba. Amma ba duka suka taru a kan ra'ayi ɗaya ba, akwai masu cewa kakanninsu manoma ne daga Sicily da Calabria, ba abin da ya haɗa su da mutumin Genoa da ya yi wa Sifaniya aiki ƙarni uku da rabi kafin a haɗa Italiya ta zama ƙasa ɗaya a 1861.

A doka, wanne ne sunan ranar yanzu, kuma shugaban ƙasa zai iya sauya shi?

A dokar tarayya sunanta Ranar Kolumbus, kuma Majalisar Dokoki kaɗai ke da ikon sauya shi. Abin da shugaban ƙasa ke yi shela ce. A 2021 Joe Biden ya zama shugaba na farko da ya fitar da shelar Ranar 'Yan Asalin Ƙasa, amma ya haɗa da ta Kolumbus a rana guda. A 2025 Donald Trump ya fitar da ta Kolumbus ita kaɗai, yana cewa ya dawo da ranar, ko da yake a doka ba ta taɓa gushewa ba. Jihohi da birane da hukumomin makarantu kuwa ba tilas ba ne su bi jadawalin tarayya, shi ya sa a gari ɗaya ma'aikacin gidan waya zai yi hutun Kolumbus, ma'aikacin ƙaramar hukuma ya yi na 'yan asalin ƙasa, malamin makaranta kuma ya tafi aiki.

Me ya faru da mutum-mutumin Kolumbus a 2020?

Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ya mutu a hannun 'yan sanda a Minneapolis a watan Mayun 2020, zanga-zangar ta faɗa kan mutum-mutumin mutanen da ake dangantawa da bauta da mamaya. An sare kan na Kolumbus a Boston, an jefa na Richmond cikin tafki, na Baltimore cikin ruwan tashar jirage, an kayar da na gaban majalisar jihar Minnesota, hukumomin Chicago kuma suka sauke nasu da kansu. Na dandalin Columbus Circle a New York, wanda Italiyawa suka yi karo-karo suka kafa a 1892, yana nan a tsaye.

Sauran ƙasashe fa?

Sifaniya ta riƙe 12 ga Oktoba a matsayin ranar ƙasa, da faretin soja a Madrid. Ƙasashen Latin Amurka sun daɗe suna bikinta da sunan Día de la Raza, wato ranar ƙabila, amma da yawa sun sauya: Venezuela ta mayar da ita Ranar Turjiyar 'Yan Asalin Ƙasa a 2002 zamanin Hugo Chávez, Ajantina ta mayar da ita ranar mutunta bambancin al'adu a 2010, Bolibiya kuma ranar kawar da mulkin mallaka a 2011. Bahamas, inda jiragen suka fara tsayawa, ta maye gurbinta da ranar gwarazan ƙasa a 2013.

Wannan tarihi ya shafi Afirka ta Yamma ko Musulmi?

Ya shafe su ta fuskoki da dama. Kolumbus yana wurin lokacin da Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a watan Janairun 1492, kuma sai da wannan yaƙi ya ƙare sarakunan suka saurare shi. Ya tafi da tafinta mai jin Larabci, Luis de Torres, da fatan za a yi magana da sarakunan Asiya ta bakinsa. Kafin nan, a shekarun 1480, ya bi jiragen Fotugal zuwa gaɓar Ghana ta yau, ya kuma rubuta cewa ya je ganuwar Elmina, inda ya ga yadda ake cinikin zinariya.

Da 'yan Taíno suka ragu ƙwarai, sai aka juya ga Afirka don neman masu aiki. A 1518 sarkin Sifaniya ya ba da lasisin kai bayi 4,000 kai tsaye, kuma kafin a daina wannan fatauci an loda 'yan Afirka kimanin miliyan 12.5 a jirage. Las Casas yana cikin waɗanda suka ba da shawarar kawo 'yan Afirka don a sassauta wa 'yan ƙasa, daga baya ya rubuta nadamarsa. Ta wannan hanya ta teku ce kuma masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono suka iso mu, duk amfanin gonar da manoman waccan nahiya suka fara shukawa, har gyaɗar da aka gina dalar Kano da ita.

Akwai hanyar da za a raba gardamar ba tare da an ɓata wa wani ɓangare ba?

Wasu wurare sun gwada haɗa sunayen biyu a rana ɗaya, abin da kan bar kowane ɓangare da ƙorafi, domin 'yan asalin ƙasa ba sa son a jera sunansu da na Kolumbus, Italiyawa kuma suna ganin an rage musu rabo. Makarantun gwamnati na birnin New York sun bi wata hanya a 2021, suka cire sunan Kolumbus suka kira ranar ta al'adun Italiyawa da ta 'yan asalin ƙasa tare.

Gwajin da ya fi ma'ana shi ne na Colorado, jihar da ta fara kafa hutun. A 2020 ta soke Ranar Kolumbus ta maye gurbinta da Ranar Frances Xavier Cabrini a Litinin ta farko ta Oktoba. Cabrini 'yar Italiya ce mai hidimar coci wadda ta kafa makarantu da asibitoci da gidajen marayu don baƙi, har da na Denver, kuma ta buɗe gidan hidima a New Orleans a 1892, shekara guda bayan kisan da aka ambata a sama. Wannan ya raba karrama Italiyawa da karrama Kolumbus, ko da yake wasu ƙungiyoyin Italiyawa sun ƙi amincewa da sauyin. A matakin tarayya an sha gabatar da ƙudurori a Majalisar Dokoki don sauya sunan ranar zuwa ta 'yan asalin ƙasa, kuma babu ko ɗaya da ya zama doka.